Ranar da Alhaji Ya Faɗo Cikin Muhawararmu

Abubuwa da yawa sun faru da ni bayan na gama jami'a waɗanda yanzu ko an tuna min sai na yi ta lalube, amma yammacin wata Asabar ta damina da Alhaji mai kemis ya faɗo cikin muhawarar yaranmu, wannan kam ba na jin zan manta da shi muddin ina raye. Yanzu in na tuna dariya nake yi. A ranar kuwa, in zan faɗi gaskiya, ban ga abin dariya ba ko kaɗan.

Lokacin na dawo gidanmu a Tudun Wada bayan bautar ƙasa, ina zaman jiran aiki. Ni mutum ce mai yawan tunanin abin da zai je ya dawo. Umma takan ce ko ruwa zan sha sai na nemi izinin kofin. Da zaman ya ishe ni na fara taimaka wa yaran maƙwabta da darasinsu, a nan na lura da wani abu. Yaran nan 'yan sakandare sun san karatu, amma ka ce wani ya tashi ya faɗi ra'ayinsa, sai ya sunkuyar da kai, mace tana murza bakin hijabi, namiji yana wasa da maɓallin riga. Na ɗan taɓa muhawara a jami'a, ba wai na yi fice ba, amma na san yadda ta sakar min baki. Sai na yi tunanin in haɗa musu ƙungiya. Ba ni da ɗakin taro, kuma na san ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta riƙa fita da yamma ba. Shi ya sa na ce mu yi ta waya, kowa yana zaune a gidansu.

Matsalar ita ce kusan babu mai waya a cikinsu. Wayar ta Baba ce, ko ta Mama, ko ta yaya. Don haka sai da na bi gida gida ina neman izini da aron waya. Ko'ina amsa ɗaya nake samu: "To Malama, za mu yi shawara." Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da wannan ke nufi. Na kusa haƙura, sai Umma ta ce in je wajen Alhaji mai kemis. Shi dattijo ne da ya daɗe yana sayar da magani a unguwarmu, ana ganin girmansa, in ya ce abu ya yi, to ya yi. Yana da 'yar auta a ajin ƙarshe na sakandare, wadda tun tana goye yake kiranta Likita, har sunan ya bi ta. Na durƙusa na yi masa bayani, ina yi ina gyarawa, ina ƙara "in dai babu damuwa" a kowace gaɓa. Ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Turanci za su koya ke nan?" Na ce e, kusan haka ne. Ya ce, "To likita ai sai da Turanci. Na ba ta." Kafin mako ya zagayo iyayen da suke shawara duk sun gama shawararsu. Har daga Gyallesu da Tudun Jukun aka riƙa kirana a saka yara. Tun a lokacin na san ƙungiyar nan a kan amincewar mutum ɗaya take tsaye. Ranar da ya janye 'yarsa, sauran ma za su bi.

Mukan haɗu duk Asabar bayan la'asar, mu tashi kafin magariba. Saboda tsadar data da rashin sabis, kowa kashe kamararsa yake yi, murya kawai muke ji. Ina ba da maudu'i tun tsakiyar mako a guruf ɗinmu, a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa masa goyon baya ya goya, wanda ta faɗa masa adawa ya yi adawa, ko da a ransa ba haka yake gani ba. Ni ce shugabar zama, ni ce alƙaliya, ni ce mai kula da lokaci. Ƙararrawata cokali ne da kofin silba. In lokacin mutum ya cika sai in ƙwanƙwasa. Doka ɗaya ce ba na wasa da ita: duk wanda ya katse wani yana magana, zan rufe masa makirfo daga wajena. Yaran sun sha gani, har suna tsokanar juna da cewa "Anti za ta kashe ka."

Watannin farko da Turanci muke yi. Sai na ga kullum mutum uku ko huɗu ne ke magana, sauran sun yi tsit, in na kira sunan wani ya ce sabis ne ya ɗauke. Na gane ba ra'ayi suka rasa ba, tsoron kuskuren Turanci ne. Sai na yanke shawarar mu gwada mako ɗaya da Hausa. Na daɗe ina zaɓen maudu'in. Na kauce wa addini, na kauce wa siyasa, na kauce wa duk abin da zai sa wani ya ce an taɓa ƙabilarsa. Daga ƙarshe na tsaya a kan wanda a ganina ba shi da ƙaya ko ɗaya: shin iyaye ne ya kamata su zaɓa wa yaro abin da zai karanta a jami'a, ko shi da kansa? Ƙuri'a ta ba autar Alhaji ɓangaren yara. Ɓangaren iyaye kuma ya faɗa wa wani yaro ɗan Gyallesu, mai surutu da son ƙwallo.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, a gidan Alhaji babu inda sabis ke kamawa da kyau sai barandar tsakar gida, daidai inda yake shimfiɗa dardumarsa. Kuma bakin wayar tasa ya ɗan samu matsala, sai an sa ta a hansfiri, murya na fita fili, ake jin magana. A sauran Asabar ɗin yakan miƙa mata wayar ya fita majalisa, in ma yana nan Turanci ne ke tashi, ba ya bin sa sosai. Ranar kuwa ruwa aka tsuge da shi tun azahar, babu inda ya je. Ya jingina da bango ya rufe ido da carbi a hannu, ita kuma ta ɗauka barci ya kwashe shi.

Ɗan Gyallesu ne ya fara. Ya gaishe da shugabar zama da 'yan uwa masu sauraro, sannan ya shiga zuba. Ya ce iyaye sun riga mu ganin duniya, su suka yi wahalarmu, yaron kirki ba ya ja da maganar mahaifinsa. Ya yi kyau ƙwarai, har na ji daɗi a raina na ce lallai Hausar nan ta yi rana. Na buga kofi, na ba auta dama.

Ban taɓa jin yarinyar nan ta yi magana irin ta ranar ba. Ashe duk sanyin da nake gani Turanci ne ya danne ta. Ta ce karatu ba riga ba ce da za a ɗinka wa mutum ba a gwada shi ba. Ta ce wanda zai kwana da littafin, ya tashi da shi, ya tsufa a cikin aikin, ya kamata a ji ta bakinsa. Sai ta kawo misali. Ta ce, "Akwai uban da tun 'yarsa ba ta iya tafiya ba ya yanke cewa likita za ta zama, alhali ita ko kaza ake yankawa a gidan sai ta gudu ɗaki ta toshe kunne."

Sai muka ji wata murya mai kauri, kusa da wayar sosai.

"Ke! Da wa kike?"

Wallahi sai da cokalin ya faɗi daga hannuna. Babu wanda bai gane muryar ba.

"Tambayarki nake. Wane uban ne wannan? A gaban mutane kike kai ƙarata? Malama! Malama, kina ji na? Wannan ne Turancin da kika ce za ki koya musu?"

Ga doka ta ce duk wanda ya katse mai magana a rufe masa makirfo. Ga maɓallin a gabana, yatsana yana kansa. Na san yaran duk suna jiran su ga abin da Anti za ta yi. Amma ta yaya zan kashe wa sa'an mahaifina magana yana tsakiyar yi? A gidanmu ko tari ba a yi in babba na magana. In na rufe shi, ƙungiya ta mutu a ranar. In na bar shi ya ci gaba da faɗa a gaban yara, ita ma mutuwar ce, sai dai a hankali. Umma tana gefena tana tsince shinkafa, ta daina, ta zuba min ido.

Na buɗe baki na ce, "Baba, ina wuni. Ya ruwa?" Har yau ban san abin da ya sa na fara da gaisuwa ba, amma ita ta zo. Shi ma, da yake ba a ƙin amsa gaisuwa, ya ce, "Lafiya lau, ruwa ya yi gyara," cikin fushi. Na ce, "Baba a gafarce ni, wataƙila ban yi bayani yadda ya kamata ba tun farko. Ba lallai ne abin da yaro ya faɗa a nan ya zama ra'ayinsa ba. Ƙuri'a ake yi, kowa ya kare ɓangaren da ya faɗo masa."

Ya ce, "Ƙuri'a ce ta gaya mata zancen kaza?"

Ina cikin in'ina sai wata dariya ta fashe daga wani layin, dariyar babbar mace. Ashe mahaifiyar ɗan Gyallesu ce, wata Hajiya malamar firamare da ta yi ritaya. Ita ma tana zaune kusa da wayarta tun farko.

Ta ce, "Alhaji, salamu alaikum, ka yi haƙuri na shigo muku. Ni ce uwar wannan da ya gama wa'azin bin iyaye yanzu. Wallahi tun da na haife shi ban taɓa jin waɗannan kalmomin a bakinsa ba. Ɗazu da safe na aike shi niƙa, sai da ya gama ƙwallo ya tafi. In da abin da suke faɗa a nan shi ne halinsu, da ni na fi kowa dacewa da ɗa a Zariya."

"Haba Mama!" in ji yaron, yaran kuma suka kwashe da dariya, kowa ya manta da dokar makirfo.

Na ji Alhaji ya ɗan yi gyaran murya, alamar dariyar ta so kama shi ya danne. Amma Hajiya ba ta tsaya nan ba. Ta ce ita dai a wannan magana tana bayan yarinyar. Ta ce babban ɗanta ta matsa masa sai da ya karanta injiniya, ya gama ya kawo mata takardar ya ajiye, ya koma kiwon kaji, kuma sai yanzu take ganin haƙoransa a waje. Alhaji ya ce, "A'a Hajiya, kada ki ɓata min yarinya. Ai wannan magana akwai amsarta."

A nan ne wata dabara ta zo min, ko in ce tsoro ne ya kawo ta. Na ce, "Baba, in babu damuwa, a tsarin zaman nan duk mai amsa akan ba shi lokacinsa shi kaɗai, babu mai katse shi. In an yarda, sai in ba Baba lokaci a ɓangaren iyaye, kamar yadda ake ba kowa."

Ya ce, "Babu mai katse ni? Har Hajiya?"

Na ce har Hajiya.

"To bismilla."

Jama'a, ashe dattijon nan ɗan muhawara ne ba a sani ba. Ya gyara zama, har muna jin ƙarar carbinsa da ya ajiye. Ya ce yarinyar da in an aike ta sayen ƙosai sai ta tsaya tunanin wajen wace mai tuya za ta je, ita ce za a bar wa zaɓen abin da za ta yi har tsufa? Ya ce kullum mutane na zuwa shagonsa su ce a ba su magani kaza, don maƙwabcinsu ya sha ya warke. Ya ce da yana ba kowa abin da ya nuna da yatsa, da rabin Tudun Wada na kwance. Ya ce so ne ke sa uba ya zaɓa, ba mulki ba. Yana magana ina kallon agogo, lokacinsa ya cika, ya wuce, shi kuwa ko alamar sauka babu, ya ma ɗauko tarihin yadda ya fara sana'a.

Na sunkuya na ɗauki cokalin. Umma ta girgiza min kai, ta ce a hankali, "Kada ki kuskura." Amma na riga na ce masa kamar yadda ake ba kowa. In ban buga ba, gobe da wane ido zan buga wa yaran? Na rufe ido na ɗan taɓa kofin, taɓawar da ko ni da ƙyar na ji.

Ya ji. Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Baba, lokaci ne ya ɗan cika."

"Ni aka buga wa kwano?"

"Haka ake yi wa kowa, Baba. A yi haƙuri."

Can sai ya ce, "To. Doka doka ce. Saura wa?" Na ce saura mai kare ɓangaren yara ta mayar da martani. Yarinyar da tun ɗazu ba a ji ko numfashinta ba ta ce da wata 'yar murya, "Anti, ni na janye. Ba zan iya amsa wa Baba ba."

Kafin in yi magana ya riga ni. "Wa ya ce Baba za ki amsa wa? Ɓangaren iyaye za ki amsa wa. Ba haka Malama ta ce ba? Yi maganarki, ina ji."

Sai ta fara. Ta ce, "Ina gaida shugabar zama. Mai magana da ya gabata ya ce ba ya ba mutum maganin da ya nuna da yatsa, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ni na sha zama a shagon. Ban taɓa ganin ya miƙa wa wani magani ba sai ya fara tambayarsa ina ke masa ciwo. Mu ma ba cewa muka yi a bar mu mu kaɗai ba. A tambaye mu kawai."

Hajiya ta rangaɗa guɗa daga Gyallesu, har sai da wayata ta yi ƙara. Yaran suka hau tafi. Ana cikin haka aka fara kiran magariba, sai muryar Alhaji ta dawo, babu fushi babu dariya: "Malama, gobe da safe ki same ni a shago." Layinsu ya katse.

Ba sai na faɗi yadda na wayi gari ba. Na shirya jawabin ban haƙuri kala kala, na shirya yadda zan sanar da yaran cewa an dakatar da ƙungiya. Umma ta ce, "Ke dai je ki. In kora ce ma ai ba a shago zai kore ki ba, saƙo zai aiko." Ban yarda da ita ba, amma na saka hijabi na fita ina tsallake taɓo.

Na same shi yana sallamar wata mata. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Umma, ya tambayi maganar aiki, ya tambayi ko ruwan jiya bai yi mana ɓarna ba. Ni dai jira nake a zo wajen. Sai da shagon ya zama babu kowa ya leƙa waje, ya dawo ya rage murya.

"Malama, jiya ba ki faɗi sakamako ba. Wa ya ci?"

Na ɗaga kai na dube shi don in tabbatar ba gatse yake yi ba. Da gaske yake. Na fara kewaye kewaye, na ce ai kowane ɓangare ya kawo hujjoji masu ƙarfi, kuma abu ne da za a iya kallonsa ta fuska biyu. Ya ɗaga min hannu. "Bar wannan. Ke ce alƙaliya. Wa ya ci?"

Na ce, "A ganina dai, Baba, kuma ina iya yin kuskure, ɓangaren yara ne. Da ɗan kaɗan. Kuma an rage wa ɓangaren iyaye maki saboda wuce lokaci."

Sai ya fashe da dariya har yana dafa kanta. "Wato ta kayar da ni! A gaban Hajiya!" Ya share ido da bakin hannun riga. "Kin ji yadda ta ɗauki maganata ta juyo min da ita? A shagon nan ta koya, ba a wajenki ba." Na ce haka ne Baba, ko shakka babu.

Sannan ya ce sharaɗinsa ɗaya. Daga yau duk maudu'in da za a yi, in turo masa tun da wuri, don shi zai riƙa tsaya mata a ɗaya ɓangaren a gida tana gwadawa. Kuma a ƙara yawan na Hausar, don su ma su san abin da ake ciki. Da na yi ƙarfin halin tambayar zancen karatun nata, sai ya ce, "Wannan maganar cikin gida ce. Mun fara ta jiya bayan isha, ba mu gama ba."

Ƙungiyar ta ci gaba har bayan da na samu aiki na miƙa ta ga wasu. Yarinyar kuwa ba ta zama likita ba, aikin lauya ta karanta, ko da yake har gobe a unguwa Likita ake kiranta. Ba zan ce muhawararmu ce ta jawo haka ba, don ban san abin da suka tattauna a gida ba, kuma ban tambaya ba.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, na ɓata ƙarfina ina tsoron kada manya su ji abin da yara ke faɗa, alhali su abin da ke musu ciwo shi ne a yi maganarsu a bayan idonsu. Dattijon da na ɗauka ba zai jure a ja da shi ba, ashe so yake a ba shi wuri a zaman, a saurare shi har ya gama, sannan a amsa masa da ladabi. Tun daga lokacin, duk abin da zan shirya wa yara, da iyayensu nake fara zama, in ce musu ga abin da za a faɗa, ku zo ku ji da kunnenku.